Gurbin Baba a Ƙarƙashin Katako

Yayana Byeong-cheol mutum ne da in zai yi baƙo har karen gida sai an yi wa wanka. To balle da aka ce iyayen saurayin 'yarsa za su taso daga Seoul su gaida Umma a ƙauyenmu na Uiseong, nan Koriya. Saura sati biyu ya dira daga birni, ya tsaya a ƙofar falo yana hararar ledar ɗakin kamar ta zage shi.

Ledar rawaya ce, ta girmi amaryar. A kusurwar da bututun ruwan zafi mai ɗumama ɗakin yake fara shiga ƙarƙashin daɓe, ɗumi ya gasa ta har ta yi baƙi. Nan ne gurbin Baba. Nan ya yi jinyar shekara uku, kuma tun da ya rasu Umma ba ta iya barci ko'ina sai nan. Nan kuma take lulluɓe waken suya da bargo har ya zama daddawa.

Yaya ya sa aka sauke katakon shimfiɗa a daɓe mai kaurin gaske, ya kira tsohon kafintan garinmu mai suna Ok. Kafintan ya ɗaga guda ɗaya, ya girgiza kai.

"Ranka ya daɗe, a ɗaye ledar tukuna, a nemo katako marar kauri. Ga leda, ga soso, ga wannan gungumen a sama, zafin ta ina zai fito? Ta taga?"

"Ɗayewar kwana nawa za ta ci?"

"Da gyaran daɓe da bushewa, sati uku."

"Ba ni da sati uku. Ɗora a kai kawai, haka na gani a mujalla."

"Gidan mujalla ba a kwana a cikinsa," in ji Ok, amma ya ɗauki guduma.

Umma ta ce, "Ɗan nan, ku bar mini kusurwar can."

"Haba Umma! So kike su ce a kan ƙonanniyar leda aka yi renon amaryarsu?"

"A kanta aka rene ka, ga ka nan da tumbi."

Bai saurare ta ba. Cikin kwana huɗu falo ya koma sai sheƙi, Yaya ya ɗauki hoto ta kowace kusurwa ya koma birni. Ni ya bari da aikin. Na ƙure wutar tukunyar ɗumama gida har tana gurnani, katako ko a jikinsa. Waken Umma ya yi tsami muka zubar. Ita kuwa ta shimfiɗa katifarta daidai inda gurbin yake, tana shafa katakon da tafin hannu, ga safa biyu a ƙafa, ga tari. Wallahi raina ya ɓaci. Na kira Yaya, ya ce in saya mata bargo mai lantarki.

Ranar zuwan baƙi dusar ƙanƙara ta sauka. Aka gaisa, aka rusuna, aka zazzauna a ƙasa gaban teburin abinci. Uban ango ya fara gyara zama kamar mai ƙurji. Uwar ango, da 'yar siririyar safarta, tana cewa "Kai, katako ya yi kyau," haƙoranta na haɗuwa. Yaya ya dage yana ba su labarin ƙasar da aka saro itacen.

Umma kaɗai ce hankalinta kwance. Tana can kusurwa, ƙafafunta cikin bargo, har da ɗan gumi a goshi. Uwar ango ta matsa don ta miƙa mata shayi, hannunta ya shiga ƙarƙashin bargon, sai ta saki ƙara.

"Wayyo, ɗumi! Mama, me kika ɓoye a nan?"

Ta yaye bargon. Ashe ana gobe baƙi za su zo, ina kasuwa, Umma ta aika aka kira Ok da zartonsa, ya yanke mata katako daidai tsawon mutum a kwance. Ga ƙonanniyar ledar nan a fili, ga sabon kwandon wake a gefe yana tashin warinsa.

"Irin na ɗakin kakata!" in ji matar, idonta ya kawo ruwa. Ta zura ƙafafu ba ko neman izini. Mijinta ya bi, ango da amarya suka bi, ni ma ban tsaya kunya ba.

Yaya ya ce, "Ai sabon salo ne, ni na ce a bar wurin." Ya jawo jiki a hankali, ya miƙo ƙafa ɗaya.

Umma ta ja bargon ta toshe gefensa.

"Koma kan katakonka, ɗan nan. Nan ƙonanniyar leda ce, kada ta ɓata maka safa."

Shi kaɗai ya ci abincinsa a tsakiyar falo, da rigar sanyi a jikinsa.