Dakali a Ƙarƙashin Ruwa

Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana tuƙa bas a titunan birnin Stoke na ƙasar Ingila, ranar da likita ya ce masa ya ajiye sitiyari, ai an gama da shi. Haka Clive Machin ya koma bayan ciwon da ya kwantar da shi a hunturun bara. Jini ne ya ɗan toshe masa a ka, Allah ya taƙaita, hannu da ƙafa suka dawo, baki ya miƙe. Amma mota dai an raba shi da ita. Sai ya wuni a kujerar bakin taga yana yi wa direbobin unguwa faɗa ta bayan gilashi, su ba su ma san yana yi ba.

Akwai kuma abin da likita bai sani ba, shi kansa Clive bai sani ba, sai matarsa Glenys. Yakan ɗauke. Yana cikin magana ko zuba shayi sai ya tsaya cak, ido buɗe, ba ya ji ba ya gani. Can sai ya dawo ya ɗora daga inda ya tsaya. Ranar da shayi ya cika kofi ya malale a tebur, cewa ta yi ita ta ture butar. Tsoro take ji. Ta san in ta faɗa, ɗan abin da ya rage masa na zama namiji a gidansa ma za a karɓe.

Shi ya sa da ya ɗago wata safiya fuska a sake ya ce, "Glen, kin san jirgin hanyar ruwa ba ruwansa da lasin?" ta kasa ce masa a'a. Rabonta da ganin haƙoransa har ta manta.

Ranar Asabar ta same su a wurin masu ba da hayar jirage, inda hanyar ruwan da aka haƙa domin jirage ta rabu biyu. Jirgin nasu kore ne, siriri, dogo kamar tirela, da gado da murhu da 'yan labulaye a ciki. Mai wurin, wata ƙatuwar mace mai takalmin roba, Rhoda Tunnicliffe, ta tsaya a bakin ruwa tana nuni da hannu.

"To, sababbin shiga, zaɓi naku ne. In kun bi hagu, ruwa a kwance yake, babu hawa babu sauka. Sai dai akwai rami a ƙarƙashin tsauni, dogo ne, in kun kai tsakiya ba kwa ganin baki ba kwa ganin ƙarshe. In kun bi dama kuwa kwari za ku gangara, matakalar ruwa ce a jere, akwai aiki. Amma fa sararin Allah ne, ga gidajen abinci, ga jama'a."

"Uwargida ke da zaɓi," in ji Clive, hannunsa tuni yana kan sandar tuƙin da ke bayan jirgin yana shafa ta. "Ni direba ne kawai, inda aka ce nan nake yi."

Glenys ta dubi hagu. Ubanta mahaƙin kwal ne, ta tashi tana jin yadda ƙasa ke rufta wa maza, har ta tsufa ba ta shiga ɗakin da ba taga. Ta ƙiyasta kanta cikin baƙin ramin nan, ruwa na ɗiga daga sama, Clive ya ɗauke, babu mai jin ihunta. Ta dubi dama, rana na ƙyalli a kan ruwa, wani dattijo na yawo da karensa.

"Dama," ta ce. "Na fi son inda mutane suke."

"Kin zaɓi ciwon baya ke nan," in ji Rhoda tana dariya. Ta miƙa mata wani lanƙwasasshen ƙarfe mai kama da sifana. "Ga naki. Maigida a kan sanda, ke a ƙasa kina buɗe ƙofofi."

"A ƙasa? Ba cikin jirgi zan zauna ba?"

"Wa zai murɗa miki ruwan, agwagi?"

Haka al'adar hanyar ruwa take, kuma har yau ban ga wanda ya iya gaya mini dalilinta ba. Ƙato zai tsaya a bayan jirgi riƙe da 'yar sanda da yatsu biyu, matarsa na can tana ture ƙofar itacen da ta ninka ta nauyi. Kowa ya gani, kowa ya yi shiru, wai tuƙi sai maza. Glenys ta buɗe baki za ta ce su canza, sai ta ga yadda Clive ya gyara zaman hularsa. Ta mayar da maganar ciki.

Rhoda ta raka su matakin farko ta nuna musu. Kowane mataki rami ne na bulo, siriri daidai jirgi, ƙofa a sama, ƙofa a ƙasa. Jirgi ya shiga, a rufe bayansa, a murɗa 'yan marafan da ke jikin ƙofar ƙasa su ɗaga, ruwa ya zurare, jirgi ya sauka tare da shi. Sai ta daina wasa, ta taka wani farin layi da aka shafa a bakin bango.

"Kun ga wannan? Ƙarƙashin ƙofar sama akwai dakalin dutse, ruwa ya rufe shi. Malam Clive, in ana sauka, ka riƙe jirginka gaba da layin nan. In ka bari ya zame baya, gindinsa zai hau dakali, ruwa ya tafi ya bar shi a rataye, hancin ya nutse. Kafin ka ce me, an gama. Ke kuma in kin ga haka, rufe marafai, kada ki tsaya kiran kowa."

"Na shiga da bas lungun da keke ba ya shiga," in ji Clive. "Kwantar da hankalinki, baiwar Allah."

Matakai na farko sun wuce lafiya. Clive na fito da baki, yana ɗaga wa kowa hannu, har da shanun da ke bakin ruwa. Glenys kuwa tun da Rhoda ta juya ta gane kuskurenta. Ta zaɓi hanyar nan don kada duhu ya raba ta da shi, ga shi hanyar ta raba su da rana tsaka. Tana sama a kan bango, shi yana nutsewa ƙasa cikin rami mai gansakuka, in ta leƙa sai saman hularsa take gani. Sai ta riƙa jan shi da magana don ta ji muryarsa.

"Clive, kana nan?"

"Ina zan je, tsohuwa? Murɗa dai, kin bar mu a rijiya."

Bayan sun ci gurasa da cuku da rana, hadari ya haɗu, aka fara yayyafi. Masu yawo da karnuka suka watse. Jama'ar da ta zaɓi hanyar dominsu, ko mutum ɗaya bai rage ba. Matakin da suka tarar ya fi na baya zurfi. Jirgi ya shiga, ta rufe ƙofar sama, ta gangara ƙofar ƙasa ta murɗa marfin gefenta. Ta bi ta siririn katakon da ke kan ƙofar, hannu a kan ƙarfe, ba ta yarda ta dubi ƙasa ba, ta murɗa na ɗaya gefen. Ruwa ya soma fita da ruri.

"Clive, ka ɗan matso gaba."

Shiru.

"Clive!"

Yana tsaye, hannu a kan sanda, kai a ɗan karkace, yana kallon bangon bulo kamar mai karanta wani abu a jikinsa. Jirgin kuwa yana sulalewa baya a hankali. Tana kallo farin layin ya wuce kafaɗarsa. Sai ta ji ƙarfe ya gogi dutse, ƙara marar daɗi, har cikin haƙoranta.

Hancin jirgin ya soma yin ƙasa, gindin na nan inda yake. A ciki kwanuka suka zube, wani abu ya fashe. Clive ya tafi gaba, ƙirjinsa ya jingina da bakin rufin, ko ƙiftawa bai yi ba.

Ta kafa ƙarfen a marfin da ke gabanta, ta yi ƙoƙarin ɗaga ɗan harshen ƙarfen da ke riƙe da marfin a buɗe, ya ƙi. Ruwan sama ya sa komai santsi. Ta sake dannawa da duk ƙarfinta, harshen ya saki, ƙarfen ya kufce ya doke ta a wuyan hannu, marfin ya faɗa ƙasa da ƙara. Saura na ƙetare. Katakon da ta bi ɗazu tana lallaɓawa, yanzu da gudu ta hau shi, takalminta ya zame, gwiwarta ta bugu, ta ga ramin a ƙarƙashinta, ruwa na tafasa. Da rarrafe ta ƙarasa. "Ya Ubangiji, kada ka ɗauke mini shi a nan," take faɗi, ba ta ma san da ƙarfi take faɗi ba.

Marfi na biyu ya rufe. Rurin ya tsaya. A cikin shirun ta ji wani sautin da ya fi rurin ban tsoro, ruwa na kwarara cikin hancin jirgin.

Ta ruga ƙofar sama. Zuciyarta na cewa ta buɗe marfin gaba ɗaya, amma ta ga in ruwa ya shigo da ƙarfi zai turo jirgin daga kan dakalin ya kife da shi. Sai ta murɗa kaɗan, ta tsaya. Ta ƙara kaɗan. Duk tsawon rayuwarta ba ta taɓa yin abu mai wuya kamar wannan jiran ba, mijinta na rataye a ƙarƙashin ƙafarta, ita tana ba shi ruwa da cokali. Hancin ya yi rawa, ya ɗago. Ƙarfe ya sake gurzar dutse, jirgin ya yi lilo, ya zauna daidai a kan ruwa.

Jirgin na tasowa har hularsa ta zo daidai gwiwarta, sai Clive ya ƙifta ido. Ya dubi bango, ya dube ta, ya fashe da dariya.

"Glen, sauka fa za mu yi, kika hau da mu! Kin murɗa na sama maimakon na ƙasa, ko? Kai, mata da ƙarfe!"

Ga mafita ya ba ta. Tana iya cewa eh, kuskurenta ne, su yi dariya, su ci gaba. Ta dubi gangaren, matakai na nan a jere har inda ido ya ƙare, kowanne da dakalinsa.

"Ban murɗa ba daidai ba, Clive."

"To me ya..." Ya tsaya. Ya ga jini a gwiwarta. Ya sunkuya ya leƙa cikin jirgin, ya ga fasassun kwanuka, ga ruwa kwance a ƙasa, takalminsa na gida yana yawo a kai.

"Ka ɗauke," ta ce, hawaye na bin ruwan saman da ke fuskarta. "Kana tsaye, idonka a buɗe, ina ta kiranka ba ka nan. Jirgi ya hau dakali."

"Ni? Ina fa riƙe da sandar nan tun ɗazu."

"Kana riƙe da ita."

Yayyafi na sauka a kan rufin jirgin.

"Yau ne farko?"

"A'a."

Bai tambaye ta tun yaushe ba, bai yi mata faɗa ba, ita kuwa da ya yi da ya fi mata sauƙi. Ya kashe injin. Ya dubi hannunsa a kan sandar, ya buɗe yatsun ɗaya bayan ɗaya, ya sa hannun a aljihu.

"Kira matar nan," ya ce a hankali. "Ki ce ta aiko direba."