Harsashi na Biyu

A shekarar 1971 garinmu bai zama Suleja ba tukuna, Abuja ake ce masa, kuma duk takardar da ta shafi aikin gwamnati sai ta je Sakkwato ta yi barci a teburin wani kafin ta dawo. Ni Haruna tarihi nake koyarwa a makarantar sakandaren maza da ke bayan gari. Aiki ne da ke son murya da haƙuri, ni kuwa murya kaɗai aka ba ni.

Malam Ignatius shi ne malamin kimiyyar fizik. Ya daɗe a makarantar kafin yaƙin basasa, Hausa a bakinsa kamar a Zariya aka yanke masa cibiya, in ka ɗauke yadda yake haɗiye ƙarshen kalma. Ba ya yarda yaro ya haddace abin da bai gani da idonsa ba. In zai koyar da yadda abu ke tashi sama ya faɗo, sai ya kwashi aji ya kai fili, a yi ta jifa, a auna nisa, a koma allo a lissafa. Cewa yake yi duk abin da aka jefa, tun daga lokacin da ya bar hannu an riga an san inda zai sauka, in dai an san gudunsa da kusurwar da aka jefa shi. Mu sauran malamai mukan yi masa dariya, mu ce gwamnati na biyan mutum albashi don ya koya wa 'ya'yan mutane jifa.

Da rikici ya tashi ya kwashi iyalinsa suka tafi gabas. Bayan yaƙi ya dawo da matarsa Philomena da ɗansu Chinedu, su uku, alhali su huɗu suka tafi. Na ba su ɗaki biyu a gidana, domin wanda ya karɓi gidansu na da ya rantse cewa saye ya yi. Makaranta ta ɗauke shi na wucin gadi. Shugaban makaranta, mutumin da ko tari zai yi sai ya nemi izinin Sakkwato, ya gaya masa gaskiya: a ƙarshen zango za a sallami duk wanda ba a tabbatar da shi ba, kuma ba za a tabbatar da wanda ya dawo daga can ba sai wani babba ya tsaya masa. Ignatius ba shi da babba. Ba shi da gona a gabas, ba shi da gida, ɗan'uwan da ya rage masa ma shi yake jira ya aika masa da abinci. In aikin nan ya tafi, babu inda za su nufa.

Sau ɗaya tak ya ba ni labarin 'yarsa Adaobi. Muna zaune a ƙofar gida da la'asar, yana ɓare gyaɗa bai ci ko ɗaya ba. Ya ce a wani ƙauye suka fake mai suna Akanuzo, a cikin makarantar mishan mai jan kwano, su da ɗaruruwan mutanen da suka gudo. Wata safiya yara suna wasa a fili sai harsashin igwa ya faɗa cikin rafin da ke ƙasan makarantar, ruwa ya tashi sama. Ya ce shi da kansa ya daka wa yarinyar tsawa ta shiga ciki, domin nan ne kaɗai ginin bulo a ƙauyen. Shi ya tsaya neman Chinedu a waje. Harsashi na biyu a kan jan kwanon ya sauka. Da ya gama sai ya karkaɗe ɓawon gyaɗar daga cinyarsa ya shiga ciki, kuma bai sake ɗauko zancen ba.

Ana saura 'yan makonni zango ya ƙare sai labari ya zo cewa Kyaftin Gwadabe zai kawo ziyara. Gwadabe tsohon ɗalibinmu ne, ɗan wani mai sayar da doya a kasuwar garinmu. A ajina barci yake yi, amma a ajin Ignatius ba ya barin kowa ya ɗaga hannu. Ya shiga soja, yanzu kuma an ce yana shiga ofishin manya a Sakkwato ba tare da ya yi sallama sau biyu ba. Shugaban makaranta ya kira Ignatius ya ce masa, "To, ga damarka ta zo har gida. In ka bari ta wuce, kada ka ce ban faɗa maka ba."

Philomena ta sayar da zaninta mai kyau ta sayi kaza da shinkafa. Ni kuma na ara wa mijinta riga.

Gwadabe ya iso cikin Landiroba, takalmi na ƙyalli, gashin baki a gyare. Zan faɗi gaskiya ko da ba ta yi mini daɗi ba: yaron ba shi da girman kai. Yana hango Ignatius ya cire hula, ya rusuna a gaban kowa, ya riƙe hannunsa da hannu biyu. "Malam, wallahi na yi ta cigiyarka. Na gode wa Allah da ka fito lafiya." Ignatius ya yi murmushi irin wanda ban ga ya yi ba tun dawowarsa.

An shirya jawabi a babban ɗakin taro, amma Gwadabe ya ce shi ba ɗan siyasa ba ne, aji yake so. Aka kai shi aji biyar, inda ake shirin jarrabawar ƙarshe. Mu malamai muka jeru a baya. A kan allo akwai aikin jiya, lissafin dutsen da aka jefa daga kan tudu. Gwadabe ya dube shi ya yi dariya.

"Har yanzu Malam bai daina sa ku jifa ba? To ku buɗe kunnuwanku. Kuna ganin wannan abin wasa ne. Ni shi ya ba ni wannan." Ya taɓa taurarin kafaɗarsa. Ya ɗauki alli ya goge allon da tafin hannunsa.

Ya ce a lokacin yaƙi suna ƙetare wani kogi kwalekwale ya kife da akwatin da ke ɗauke da takardun saitin igwa, waɗanda ke nuna yadda za a ɗaga bakin bindiga don kowane nisa. Washegari aka ba su umarni su rushe wani gini da aka ce abokan gaba sun tara makamai a ciki. Ga igwa, ga harsasai, babu mai sanin yadda za a saita. Babbansu ya rasa abin yi. "Sai na tuna da Malam," in ji shi. "Na ce a ba ni takarda da fensir."

Ya zana igwa a gefe ɗaya, gini a ɗaya gefen, ya haɗa su da layi mai lanƙwasa kamar bakan gizo. Ya rubuta gudun da harsashi ke fita da shi, ya raba shi gida biyu, wanda ke tafiya gaba da wanda ke hawa sama. Ya tambayi yara me ke rage na sama. Suka amsa baki ɗaya cewa jan ƙasa ne. Ya ce madalla. Yana rubutu yana bayani, hannunsa na gudu, irin rubutun Ignatius sak, har yadda yake ja wa amsa layi biyu a ƙasa.

"Na farko bai kai ba," ya ce. "Kun san dalili? Na manta da iska, na kuma manta ginin a kan tudu yake. Sai ya faɗa cikin wani rafi a ƙasan wurin. Mai hangen nesa ya gaya mana ruwa ya gani ya tashi."

Na tuna rafin da Ignatius ya ba ni labari. Na ce a raina rafi ai ba ɗaya ba ne a duniya, igwa ma ba ɗaya ba ce.

"Malam kullum cewa yake yi kuskure ba abin kunya ba ne, abin kunya shi ne ka kasa auna shi. Sai na auna. Na ƙara kusurwar kaɗan, ga shi nan." Ya rubuta. "Na biyu a tsakiyar rufin ya sauka. Jan kwano ne, ana hango shi daga nesa. Wani ƙauye ne wai shi Akanuzo, ba na jin yana cikin taswirarku."

Yara suka ɓarke da tafi. Shugaban makaranta ya fi kowa, har da miƙewa tsaye. Ni na juya na dubi Ignatius. Yana tsaye inda yake, hannunsa a baya, idonsa a kan allo, leɓensa na motsi a hankali. Sai daga baya na gane abin da yake yi. Bin lissafin yake yi layi bayan layi, kamar yadda ya saba.

Gwadabe ya juyo yana murmushi, ya miƙa masa allin da hannu biyu. "Malam, shekara da shekaru ina son ka duba mini wannan aikin. Na yi daidai?"

Shugaban makaranta ya yi wa Ignatius alama da ido ya matsa. Ya tako a hankali cikin rigar aro, ya karɓi allin. Ya daɗe a gaban allon. Na yi ta fatan ya sami kuskure, ko na ɗigo ne, wani abin da zai nuna ba wannan lissafin ba ne, ba wannan yaron ba ne. Na yi fatan ya jefar da allin ya faɗa wa duniya su wa ke ƙarƙashin rufin nan. Na tsani tafin da aka yi, na tsani shugaban makaranta da haƙoransa a waje, na tsani Sakkwato da duk wanda ke cikinta.

Ignatius ya ɗaga hannu ya yi alamar daidai a gefen amsar. "Babu kuskure," ya ce.

Da azahar Gwadabe ya zo gidana cin abinci, domin ya ce ba zai bar gari bai gaishe da matar malaminsa ba. Philomena ba ta je makaranta ba, ba ta san abin da aka yi a aji ba. Ta shimfiɗa tabarma, ta kawo kaza da shinkafa, tana ta sannu da zuwa. Gwadabe ya ci da gaske, ya yaba, ya shafa kan Chinedu ya ce ya girma. Ya ce wa Ignatius shugaban makaranta ya gaya masa maganar aiki, ya ɗauka an gama, shi da kansa zai shiga ofishin, kuma ba zai fito ba sai an sa hannu. Sannan ya waiga ya duba tsakar gida.

"Madam, ina ƙanwata Adaobi? Ita ce take tsince mana lemon da muke jifa da shi a fili, ta shanye rabi. Yanzu ai ta zama budurwa."

Philomena ta ajiye moɗar da ke hannunta. Ta buɗe baki, amma mijinta ya riga ta.

"Ta rasu lokacin yaƙi."

"Innalillahi." Gwadabe ya ajiye cokali. Idonsa ya kawo ruwa, kuma na rantse ba na ƙarya ba ne. "Malam, ban ji ba. Me ya same ta? Yunwar nan ce?"

"Zazzaɓi," in ji Ignatius.

Philomena ta dube shi, ta dube ni. Ni na sunkuyar da kai ina kallon tabarma. Gwadabe ya yi ta'aziyya mai tsawo, ya ce yaƙi bai bar kowa ba, ya ce shi ma ya binne abokai. Ignatius ya raka shi har bakin mota, ya tsaya yana ɗaga hannu har ta sha kwana. Da ya dawo na ji matarsa tana tambayarsa me ya sa ya ce zazzaɓi. Ya ce mata ba a ba baƙo irin wannan labari yana tsakiyar cin abinci, balle baƙon da ya zo taimako. Ta ce haka ne.

Na same shi a bayan gida yana wanke hannu, alhali ya riga ya wanke. Na ce masa, "Malam, ko ita ba za ka gaya wa ba?"

"In gaya mata me, Haruna? Cewa yaron ya koyi karatunsa da kyau?" Ya yarfe hannunsa. "Chinedu yana buƙatar makaranta. Kai ma ka riƙe bakinka."

Gwadabe ya cika alkawari. Kafin zango ya ƙare aka tabbatar da Ignatius a aikinsa, har da gidan malamai mai ɗaki uku. Shugaban makaranta ya hana a goge allon aji biyar har mako guda, ya sa kowane aji ya zo ya kwafi lissafin Kyaftin, kuma Ignatius ne aka sa ya yi musu bayaninsa, aji bayan aji.

Ranar da za su tashi daga gidana, Philomena ta ce kafin a ɗora kaya sai an yi addu'a. Ta durƙusa a tsakar gida da mijinta da ɗanta, ni ina tsaye a gefe. Da Hausa ta yi don in ji. Ta gode wa Allah, ta yi wa gidana albarka, sannan ta ce Allah ya tsare Kyaftin Gwadabe, ya ƙara masa girma, ya ba shi 'ya'ya masu albarka, ya raya masa su har ya ga aurensu. Ta yi shiru tana jiran mijinta.

"Amin," in ji Ignatius.