Tsatsa a Birkin Eudald

Ranar Alhamis Assumpta ta kawo babur ɗin mijinta ƙofar garejin Feliu. Ba turo shi ta yi ba, janyo shi ta yi, don tayar baya ta ƙi juyawa, ta bar baƙin layi a kan titi tun daga gindin coci. Kwana tara ke nan da binne mijin nata, Eudald.

"Lahadi za a hau rafi da shi," in ji ta, tana haki. "Birkin ya cije. In za ka iya, to. In ba za ka iya ba, in kai shi garin Ripoll."

Haka 'yan ƙungiyar hawan duwatsu da babur suke yi a ƙauyen. In ɗayansu ya mutu, sai a bi da babur ɗinsa rafin da ya fi so, sau ɗaya, kafin a sayar ko a jingine shi. Feliu ya karɓi babur ɗin, ya kasa haɗa ido da ita. Shekara shida rabonsa da gidansu, alhali shi da Eudald tare suka koyi faɗuwa a rafin nan tun ba su da gemu.

Abin da ya raba su ma abin kunya ne a faɗa. A gasar lokacin kaka ne, Feliu yana alƙalanci a bakin wani dutse. Wasan nan ba gudu ake yi ba, abin da ake so ka haye ƙafarka ba ta taɓa ƙasa ba, in ta taɓa a huda maka kati. Eudald, mutumin da yakan yi yini katinsa fes, ya zo ya dire ƙafar dama sau uku a dutsen da 'yan koyo ke hayewa. Feliu ya huda katin, bakinsa kuma ya ja masa. "Kai tsoho, sayar da babur ɗin nan ka sayi jaki, shi ƙafa huɗu gare shi." Kowa ya yi dariya ban da Eudald. Bai sake zuwa gasa ba. Feliu ya ce shi ya yi fushi, shi zai huce. Da labarin ciwon Eudald ya bazu shekara biyu da suka wuce, sai kunya ta maye gurbin girman kai, ita ma ta hana shi zuwa. Yanzu abu ɗaya ke cin sa dare da rana, ko mutumin ya tafi da shi a zuci.

Ya ɗora babur ɗin a kan teburin aiki, ya soma masifa shi kaɗai. Dama can hannu na uku Eudald ya saye shi wurin wani Bafaranshe, kuma kowane mai shi sai da ya bar ɓarnarsa. Tankin na wani babur ne, salansar walda uku, notuna kowanne da sifanarsa. Feliu ya kwance birkin baya, ya jiƙa shi da kananzir, ya yi ta lallaɓa ƙarfen da ke ciki har ya yarda ya motsa. Faifan birkin ya bi shi da samfefa, tsatsa tana zuba ja kamar garin barkono. Yatsunsa suka yi jawur.

Sai dai wani abu ya tsaya masa a rai. Babur ɗin tas yake, ko ɗigon laka babu a ƙarƙashin injin. Tayoyin sababbi ne, ba su taɓa ganin dutse ba. To ina tsatsa ta fito? Duk mahayi ya san in ka wanke babur sai ka zaga da shi kana taɓa birki har faifan ya yi zafi ya bushe. Wannan kuwa an yi ta wanke shi ne ana mayarwa ɗaki da ruwansa. Shekaru ana wankewa, ba a hawa.

Ya kai hannu inda ake taka birki da ƙafar dama, ya ji wayam. An yanke ƙarfen. Ya bi tiyon man birkin da yatsa, ya ga ya haura sama har kan babur ɗin, ya ƙare a wani ɗan guntun hannu da aka ɗaura a ƙarƙashin kuloci, daidai yatsa ɗaya. Matakin dama kuma an yi masa faɗi, an zagaye shi da ƙarfe yadda takalmi zai zauna ba zai zame ba. Waldar Eudald ce, mummuna mai ƙarko, ko a ina ya gan ta zai gane. Ba sabuwa ba ce kuma. Feliu ya jawo akwati ya zauna, ya gane tuntuni ƙafar dama ta gaza Eudald.

Asabar da hantsi ya gama haɗa komai. Saura fitar da iska daga cikin tiyon, aikin da mutum ɗaya ba ya yin sa a irin wannan doguwar hanya, sai wani yana matsa hannun birki a sama, wani yana buɗe noti a ƙasa. Yana tsugune yana tunanin wa zai kira sai ga Assumpta da burodi da tumatir a ƙunshe.

"Ka ci, na san halinka, da kofi kake yini."

"Assumpta, yaushe ƙafar ta fara?"

"Kafin gasar nan taku da wata huɗu. Ba ya jin ta a kan mataki. Ya ce in na faɗa wa kowa zai koma kwana a rumbu."

"Ni kuma na ce ya sayi jaki."

"Ka ce. Sati guda bai ci abincin kirki ba. Daga nan ya shiga ɗakin kayansa ya fara yanke-yanke. Wai sai ya dawo dutsenka ya haye ƙafa a sama, ka huda masa sifiri da hannunka, ya ce maka ga jakin."

Feliu ya ce, "To me ya hana?"

Ta ajiye burodin, ta dubi ɗan guntun hannun birkin, ta taɓa shi, ya tafi lagwal babu ƙarfi.

"Nan ya tsaya," in ji ta. "Iskar nan. Na ce kawo in matsa maka, ya ce ban san lokacin saki ba. Ɗan'uwana Narcís ya zo da sifanarsa, ya kore shi. Wai tunda yake bai taɓa fitar da iskar birki da kowa ba sai kai, ba kuma zai fara da tsufansa ba. Na ce to kira shi mana, gidansa ba Faransa ba ne. Ya ce a'a, Feliu zai zo da kansa, kunya ce kawai, bar shi ta sake shi. Duk Asabar sai ya fito da shi tsakar gida ya wanke, don kada ka zo ka tarar da datti ka yi masa tsiya. Da hannunsa ya daina riƙe tiyon ruwa, ni nake wankewa yana kallo daga kujera."

Feliu ya sa sifana a kan notin, ta zame. Ya sake sawa, ta sake zamewa, don ƙwalla ta hana shi ganin notin sosai. Assumpta ta tsaya a gefen hagu, ta ɗora yatsa ɗaya a kan hannun birkin.

"Faɗa mini lokacin," in ji ta.

"Matsa," in ji shi. "Riƙe." Ya buɗe notin, man ya fito da kumfa cikin kwalba. Ya rufe.

Tana riƙe, tana jira ya ce ta saki, shi kuwa muryar ta ƙi fitowa.