Agogon Baba Ya Ce Arba'in da Ɗaya

Ranar Talata ce, an kwana ana yayyafi, na fara ɗaura agogon Baba na fita gudu. Wata biyu ke nan da rasuwarsa. Likita ne ya sa ya saya, don ya riƙa lura da bugun zuciyarsa in yana tattaki da yamma.

Ni tun da na bar makaranta ban zauna wuri ɗaya ba. Na taɓa walda, na taɓa facin taya, yanzu ina wankin mota. Gudu kaɗai na riƙe. Saura wata uku wata ƙungiyar 'yan gudu ta yi gwaji, mutum biyu za ta ɗauka, da ɗakin kwana da abinci.

Bayan sati guda agogon ya fitar da lambar da ke nuna ƙarfin huhu da zuciya. Arba'in da ɗaya. Na Dogo, abokin guduna, hamsin da tara.

Dogo ya riƙe ciki yana dariya. "Arba'in da ɗaya? Kai, kakata ma ta fi haka, kuma da sanda take tafiya."

Koci, mai horar da mu, ya kalli hannuna ya taɓe baki. "Jiya da idona na ga ka bar Dogo a baya. Cire wannan abin, ka ji abin da jikinka ke faɗa maka."

Ban cire ba. Na ƙara wani gudun da yamma a kan kwalta, ban gaya wa Koci ba. Kullum agogon sai ya ce in huta kwana uku, ni kuma in ga raini ne. Wata guda ina haka, lambar ta koma arba'in da biyu. Ƙwaurina na dama ya fara zogi, na naɗe shi da bandeji.

Saura kwana tara a yi gwajin, ƙafar ta ƙi taka ƙasa. Hoton asibiti ya nuna ƙashin ya tsage.

A kan bencin asibitin Yaya ta karɓi agogon tana latsawa. Ita ce ta saita wa Baba shi tun farko.

"Auta, ka canza shekarun kuwa?"

"Waɗanne shekaru?"

Ta juyo mini da fuskar agogon. Shekara sittin da uku, kilo tamanin da takwas.

"Duk gudun nan naka, a ganinsa Baba ne ke yi," in ji ta. "In zuciyarka ta hau, sai ya ɗauka tsoho ne ya kai iyakarsa. Shi ya sa yake ta cewa ka huta."

Sai ta juya ta kalli bango.

Washegari, cikin fushi, na dogara sanda na kai wa mai gyaran waya agogon, na ce ya goge komai. Sai da na dawo Yaya ta gaya mini duk tattakin Baba yana ciki, kowace yamma da hanyar da ya bi, kuma babu shi a ko'ina sai nan.

Na rasa farcen ƙafa biyu, da wata biyar ba gudu, da gurbin ƙungiya, wanda aka ba Dogo. Da tattakin Baba ɗari biyu da goma sha ɗaya.