Sauke Hannun Nan

Shekara uku ke nan matar Tela tana zira masa zare a allura. Kowace safiya, kafin ta ɗora ruwan zafi, sai ta zauna a bakin keken ɗinkinsa ta zira allurai goma ta soke su a jikin wani tsohon matashin kai. In zare ya tsinke da rana, ko tana tsakiyar wanki sai ta ji, "Maman yara!"

Sau huɗu ana canza masa tabarau, duk a banza. Sai a asibitin ido likita ta gano matsalar. Fatar nan mai haske da ke gaban ƙwayar idonsa ce ta sirance, ta turo gaba ta yi tsini kamar mazurari, shi ya sa allura ɗaya take zame masa uku. Ta ce za a saka masa zobe a cikin fatar, wasu 'yan robobi biyu masu lanƙwasa kamar yankan farce, su danne tsinin.

"Zobe a ido?" in ji Tela. "Ni ko a yatsa ban taɓa sawa ba."

"Malam, kana yawan murza ido?"

"Kai, ba sosai ba."

Yana faɗa yana murzawa. Matarsa da ta rako shi ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

Likita ta ce murzar nan tana cikin abin da ya ƙara lalata idon. In ya ci gaba bayan aiki, zoben zai iya gocewa, dole a cire shi, daga nan sai maganar dashen sabuwar fata.

Aikin bai kai rabin awa ba. Wahalar tana gida. Ashe mutumin nan in ya tashi barci sai ya murza, in yana tunani ya murza, in mai kaya ya zo ɗinki bai kammala ba, nan ma ya murza kafin ya shirgo ƙarya. Murfin robar da aka manna masa a ido ya cire wai ana yi masa dariya. Matarsa ta sa masa safa a hannu, ya ce almakashi ba ya riƙuwa. Da abin ya ishe ta, sai ta ɗauki rularsa ta katako ta ja kujera ta zauna kusa da keken.

"Sauke hannun nan!"

"Hanci fa zan sosa."

"Hancin naka a gira yake?"

Sau biyu girkinta yana ƙonewa. Yayarsa ta zo dubiya, ta ce, "Haba ke kuwa, kin mai da ƙanena ɗan goye."

"Yaya, ga rular, ki karɓe ni awa ɗaya."

Kafin minti ashirin Yaya ta buge shi sau biyar, ta nemi takalmanta.

A mako na shida likita ta duba ta ce zoben ya zauna daram, ta rubuta masa sabon tabarau. Washegarin ranar da ya karɓo shi, matarsa ta ɗauko matashin allurai kamar kullum. Ya ce, "Kawo nan."

Ya lashi bakin zare. Na farko ya kauce, na biyu ya lanƙwashe. Ta buɗe baki za ta ce ya daina ɓata mata lokaci, sai ga zare ya leƙo ta ɗaya ɓangaren.

Haushi ne ya fara zuwa mata, haushin wanki da girki da duk kiran da ta sha. Sai kuma hawaye suka cika mata ido. Ta kai bayan hannu za ta murza, sai ji ta yi tas, rula a yatsunta.

"Sauke hannun nan, Maman yara," in ji Tela. "Shekara uku da idon nan nake ɗinki."