Abin da Ya Danne Ƙirjin Sobirjon

A unguwarsu da ke Margilon, biki ba ya armashi sai Sobirjon ne ya dafa shinkafar. Mutum ne mai ƙiba da surutu, yana juya tukunya yana tsokanar kowa. Matarsa Dilorom takan ce kunnenta bai huta ba tun ranar da aka kawo ta gidansa.

Bayan kaka sai kunnen ya huta, hankalinta kuwa ya tashi.

Abin ya fara ne a wani biki. Yana cikin yanka karas sai gabansa ya yanke ya faɗi, zuciya ta hau dukan uku-uku, gumi ya keto masa, ya zube ƙasa yana kalmar shahada. Aka kwashe shi sai asibiti, aka auna zuciya, aka ɗebi jini, aka ce lafiyarsa lau. Tun daga nan ya daina karɓar aiki, wai kada abin ya sake kama shi a gaban jama'a. Ya yanke zuwa shan shayi wurin abokai. Barci ya riƙa tsere masa tun kafin asuba, gurasa kuwa in ya gutsura sai ya ajiye. Riguna duk suka yi masa yawa.

Da farko Dilorom faɗa ta kama yi. "Baban yara, lalaci ne ko tsufa? Ka wuni zaune kamar buhun albasa!"

Ya ɗago ya dube ta da idanun da suka faɗa. "Gaskiyarki, Maman yara. Na zame muku kaya. Da Allah zai ɗauke ni, da kun huta."

Maganar ta soke ta. Ta zagaya bayan tanderu ta sha kukanta, ta wanke fuska, ta dawo da hularsa a hannu.

"Sa hularka, asibiti za mu."

"Ai sun ce ba ni da komai."

"Su suka ce. Ni da na tsufa da kai na ce akwai."

Da ya ga ƙofar likitar ƙwaƙwalwa sai ya turje. "Wurin mahaukata kika kawo ni?"

"To sai me? Ni ai ka daɗe da haukata ni. Wuce mu shiga tare."

Likitar, wata mai sanyin murya da ake kira Shahnoza, ta bar shi ya zauna sosai, sannan ta ce, "Baba, yaushe rabonka da jin daɗin wani abu?"

Ya buɗe baki, sai hawaye. Ta tambaye shi barci, da cin abinci, da ko ya taɓa tunanin illata kansa. Ya ce a'a, sai dai yakan so a wayi gari babu shi. Ta ce ciwon damuwa ne haɗe da fargaba, ciwo kamar hawan jini, ba raunin imani ba. Ta ba shi magani, ta ce sai an yi haƙuri kafin ya kama jiki, kuma ya riƙa zuwa suna zantawa.

Sauƙin bai zo da gudu ba. Maganin ya fara da tayar masa da zuciya, ya rantse ya bar shi, Dilorom ta riƙa ajiye ƙwayar kusa da kofin shayinsa tana tsaye sai ya haɗiye. Kullum da safe ta ja shi su taka zuwa bakin rafi. A hankali barci ya dawo, cin abinci ya biyo baya. Da bazara ya yarda ya dafa wa maƙwabcinsu Hoshim shinkafar suna. Gaban nasa ya faɗi a bakin murhu, ya ja numfashi a hankali yadda aka koya masa, abin ya wuce.

Har yanzu akwai ranakun da yakan tashi jiki a mace. A irinsu ba ta tambayarsa komai, sai ta ɗauko ɗinkinta ta zauna kusa da shi a inuwar inabi.

Wata rana ya ce, "Kin gaji da ni ko?"

"Na gaji mana," in ji ta. "Ɗaga, ka zauna mini a kan zare."