Sikelin Wake na Baba Aji

Kowane gida da irin tasa al'adar Sallah. Ta gidan Baba Aji, mai sayar da wake a Bolari, ita ce awo. Ana saukowa daga idi zai tasa 'ya'yansa a gaba zuwa shago, ya ɗora su ɗaya bayan ɗaya a kan sikelin buhuna, ya ƙwala nauyin kowa da ƙarfi, makwabta suna ta "Masha Allah!"

To bana Hamida, babbar 'yarsa, ta rantse ba za ta hau ba. Tunda jarrabawar gama sakandare ta matso, da ta buɗe littafi sai gabanta ya faɗi, da ya faɗi kuma sai ta nemi biredi. Jiki ya buɗe, 'yan ajinsu suka laƙaba mata "Tanka". Ta sha ruwan lemun tsami har haƙora suka mutu, a banza. Yanzu kuma a yi shelar nauyinta a bakin titi? Haba!

Ƙaninta Laminu ya hau ya sauka yana washe baki.

"Hamida, bismilla," in ji Baba Aji.

"Baba, ni fa ba wake ba ce."

Aka kwashe da dariya, ban da ita. Idonta ya cika taf.

"A makaranta dariya, a nan ma dariya. Wallahi na gaji, Baba."

Baba Aji ya dube ta da kyau. Ya sallami makwabta, ya kora yara waje.

"Ranar da muka iso garin nan daga Borno," ya ce, "da hannu ɗaya na sauko da ke daga mota. Don tsabar rama, ban ji na ɗauki komai ba. Tsoron da na ji ran nan har yau bai sake ni ba, shi ya sa nake auna ku duk Sallah. Ban san ina ƙona miki rai ba, 'yata."

Ya juya ya fuskanci bango.

"Ba zan duba ba, ke ma kada ki duba. In kin yarda, ki hau kawai in ji."

Ta daɗe tana kallon ƙeyarsa. Sannan ta tuɓe takalmi ta hau. Ƙarfen ya yi ƙara a ƙarƙashinta.

"Alhamdu lillahi," in ji Baba Aji.